Biran Madison da abincin da aka rage musu

A shekarar 1989, a garin Madison da ke jihar Wisconsin ta Amurka, masu bincike suka ware birai maza 30, suka sa kowanne a kejinsa shi kaɗai. Birai ne irin waɗanda ake kira resus, 'yan asalin Indiya, masu shekara 7 zuwa 14, wato duk sun balaga. An ɗauki watanni ba a yi musu komai ba sai lura da cinsu: a zuba wa kowanne abinci da safe, da yamma a kwashe ragowar a ɗora a sikeli. Da aka san cikin kowa, sai aka raba su gida biyu. Rabi aka bar su suna ci yadda suka ga dama. Ɗaya rabin aka riƙa zaftare musu kashi 10 cikin 100 kowane wata har wata uku, aka tsaya a kan kashi 30. An ƙara musu bitamin da sauran sinadaran gina jiki a cikin ɗan abin da ake ba su, don kada ragin ya zama tamowa. A 1994 aka ƙaro mata 30 da maza 16, jimillarsu ta zama 76.

Birin resus da ke tsare yakan yi wajen shekara 27 a duniya, mai nisan kwana ya kai 40. Saboda haka su Joseph Kemnitz da Richard Weindruch, malaman da suka riƙe wannan aiki, sun san cewa amsar da suke nema ba za ta zo ba sai furfura ta cika musu kai. Ba su kaɗai ba ne kuma. Shekara biyu kafin a fara na Madison, a 1987, cibiyar gwamnatin Amurka mai binciken tsufa, wadda ake taƙaita sunanta da NIA, ta fara irin wannan gwaji da birai kimanin 120 a Poolesville, jihar Maryland. Garke biyu ke nan, tambaya ɗaya: shin abin da aka gani a jikin ɓera zai tabbata a jikin dabbar da ta fi kusa da mutum?

Abin da aka gani a jikin ɓera kuwa tsohon labari ne. A 1935 Clive McCay na jami'ar Cornell ya wallafa cewa fararen ɓerayen da ya taƙaita wa abinci tun suna ƙanana, ba tare da ya hana su sinadaran da jiki ke buƙata ba, sun fi 'yan uwansu masu ci su ƙoshi daɗewa a duniya, musamman mazan. An maimaita gwajin ba adadi, a kan ɓeraye da ƙudaje da tsutsotsi, sau da yawa ana samun abu ɗaya. Amma tsawon rai kaɗai ba ya gamsar da wanda ya taɓa zama da tsohuwar da ta manta sunan ɗan da ta haifa. Mu da muke kiran abin gigin tsufa, muna ɗaukarsa kamar wani haraji da dole duk mai dogon kwana ya biya, wani lokaci ma har a kai ga jifan tsohuwa da zargin maita, mun san cewa shekarun da aka ƙara wa mutum bayan hankalinsa ya tafi nauyi ne a kansa da kan iyalinsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutane fiye da miliyan 55 ke fama da cutar mantuwa, kuma sama da kashi 60 cikin 100 nasu suna ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaici. Don haka tambayar da ta fi nauyi ita ce ta ƙwaƙwalwa.

Birai suna can suna tsufa sannu a hankali, masu ɓeraye kuwa ba su jira ba, tunda ɓera shekara biyu zuwa uku ya gama rayuwarsa. Matsalarsu ɗaya: ɓera ba ya kamuwa da cutar Alzheimer da kansa. Cutar ta samo suna daga likitan Jamus Alois Alzheimer, wanda a 1901 ya karɓi wata mata mai shekara 51, Auguste Deter, a asibitin Frankfurt, tana ruɗewa tana mantuwa. Da ta rasu a 1906 ya duba ƙwaƙwalwarta da madubin likita, ya ga abu biyu: wasu dunƙule-dunƙule a tsakanin ƙwayoyin ƙwaƙwalwa, da wasu zaruruwa da suka cukurkuɗe a cikin ƙwayoyin kansu. Daga baya aka gane na farko furotin ne da ake kira amiloyid, na biyu kuma wani furotin mai suna tawu. Don a sami ɓeran da ke tara waɗannan abubuwa, sai da aka dasa masa lahanin gado irin na iyalan da ke gadon cututtukan mantuwa. A 2003 ɗakin binciken Frank LaFerla a Kalifoniya ya samar da ɓera mai ɗauke da irin wannan lahani har guda uku, mai tara amiloyid da tawu gaba ɗaya.

To, ta yaya ake tambayar ɓera ko ya manta? Richard Morris ne ya ƙago hanyar a Sikotilan a farkon shekarun 1980. Ana cika wani ƙaton baho zagayayye da ruwa, a gurɓata ruwan da garin madara ko farin fenti har ba a ganin ƙasa, sannan a ɓoye wani ɗan dandamali a ƙarƙashin ruwan kaɗan. Ɓera ya iya iyo amma ba ya son ruwa. In aka jefa shi, zai yi ta kewaye har ƙafarsa ta taɓa dandamalin ya hau. Washegari a sake jefa shi ta wani gefen. Lafiyayyen ɓera cikin 'yan kwanaki ya haddace wurin ta hanyar duban alamomin da ke jikin bangon ɗakin, yana faɗawa ruwa sai ya miƙe can kai tsaye. A ƙarshe a cire dandamalin baki ɗaya a ga inda zai tsaya nema. Mai tunawa zai yi ta shawagi a daidai inda yake a da. Wanda hifokamfus ɗinsa ya lalace, wato sashen ƙwaƙwalwa mai ajiye sabbin abubuwa, wanda kuma cutar Alzheimer ke fara ci da wuri, zai yi ta bin gefen baho kamar yau ya fara ganinsa.

A 2007 ɗakin binciken Mark Mattson da ke Baltimore ya ɗauki ɓerayen LaFerla tun suna wata 3 ya kasa su uku. Kashi na farko suna ci yadda suke so. Na biyu aka rage musu kashi 40 cikin 100 kullum. Na uku kuwa yau a ba su su ci su ƙoshi, gobe a hana su komai sai ruwa. Da suka kai wata 17, tsufa ke nan a wurin ɓera, aka kai su baho. Waɗanda aka rage wa da masu tsallaken rana duk sun fi masu ci yadda suke so gano dandamali. Sai aka buɗe ƙwaƙwalensu, a nan abin mamakin ya fito. Waɗanda aka rage wa abinci kullum, amiloyid da tawu mai lahani sun ragu a hifokamfus ɗinsu, wannan an yi tsammaninsa. Amma masu tsallaken rana, dattin yana nan a ƙwaƙwalwarsu bai ragu ba, ga shi kuma suna tunawa.

Bayanin Mattson shi ne, yunwar da ke zuwa ta tafi wata 'yar wahala ce da ke sa ƙwayoyin ƙwaƙwalwa su ƙara ƙarfi. In ciki ya daɗe babu komai, sukarin da hanta ta ajiye yakan ƙare, jiki ya koma ƙona kitse, ya samar da wani makamashi da ake kira kiton wanda ƙwaƙwalwa ke iya amfani da shi. A ɓeraye an ga wannan hali yana tafiya tare da ƙaruwar wani furotin, BDNF, mai taimaka wa ƙwayoyin ƙwaƙwalwa su rayu su kuma riƙe mahaɗarsu da juna. Motsa jiki ma yana ƙara shi. Wato ana iya barin dattin inda yake, a ƙarfafa ƙwayar ta jure masa. A ganina wannan ya fi duk wani abu da ɓerayen suka nuna muhimmanci, domin likitoci sun daɗe suna cin karo da tsofaffin da suka rasu da hankalinsu garau, aka buɗe ƙwaƙwalwarsu aka tarar da amiloyid jingim.

A watan Yuli na 2009, shekara ashirin da fara aikin Madison, mujallar Science ta buga sakamakon farko, Ricki Colman ce kan gaba a jerin marubuta. Rahoton ya ce rabin biran da ke ci yadda suke so sun mutu, waɗanda aka rage wa kuwa kashi 80 cikin 100 suna raye. Cututtukan tsufa sun kashe 14 cikin 38 na masu ƙoshi, sun kashe 5 cikin 38 na waɗanda aka rage wa. Cutar daji da ciwon zuciya sun ragu da rabi. A cikin masu ƙoshi, 5 sun kamu da ciwon suga, 11 suna bakin kamuwa. A ɗaya garken ko ɗaya babu. Hotunan ƙwaƙwalwa da aka ɗauka da na'urar MRI sun nuna cewa wasu sassa da ke kula da motsi da tsara aiki, waɗanda kan motse da tsufa, ba su motse sosai ba a biran da aka rage wa. Binciken da ya biyo baya ya ƙara da cewa sinadarin ƙarfe bai taru a ƙwaƙwalwarsu kamar na sauran ba, kuma sun fi saurin hannu wajen ɗauko ɗan abu.

Jami'ar ta fitar da hoton birai biyu kusa da juna, hoton kuma ya zagaya duniya. Canto, ɗan shekara 27, wanda aka rage wa, siriri, gashinsa a cike. Owen, ɗan shekara 29, mai ƙoshi, jiki ya saki, fata ta yamutse. Yawancin jaridu sun ce gani ya kori ji. Amma wani marubucin jaridar New York Times, Roger Cohen, ya dubi hoton nan ya rubuta cewa shi Owen ne ya fi yi masa kama da mai kwanciyar rai, Canto kuwa kamar wanda rayuwa ta gundura. Ba hujjar kimiyya ba ce, amma maganarsa ta taɓo wani abu da bai kamata a tsallake ba. Biri dabbar garke ce, mai son 'yan uwa, mai yi wa ɗan uwansa tsifa da susa. Waɗannan an ajiye su ɗai-ɗai shekara da shekaru don a iya auna abin da kowanne ya ci, rabinsu kuma ba su sake cika ciki ba har suka mutu. Duk ilimin da aka samu daga Madison da Poolesville su suka biya kuɗinsa, kuma wannan kaɗai ya isa ya hana mu yi wa sakamakon karatun gaggawa.

Masu ido sun lura da wani abu tun a lokacin. Birai da dama sun mutu ta hanyoyin da masu binciken suka ce ba na tsufa ba ne, kamar kumburin ciki, da matsalar allurar barci, da ciwon mahaifa, sai aka ware su gefe. In aka haɗa dukkan mace-macen, tazarar da ke tsakanin garken biyu a 2009 ba ta kai yadda za a rantse a kanta ba.

Sai ga Agusta na 2012. Mujallar Nature ta buga sakamakon Poolesville, Julie Mattison ce kan gaba: biran da aka rage wa abinci ba su fi sauran tsawon rai ba. Akwai alamun ƙarin lafiya, musamman ƙarancin cutar daji a waɗanda aka fara wa tun suna ƙanana, amma ranar mutuwa ba ta matsa ba. Birai iri ɗaya, ragi iri ɗaya, shekara ashirin da 'yan kai na aiki da maƙudan kuɗi, amsa kuma ta saɓa.

Da aka zauna aka kwatanta, sai aka ga ashe a kwanon abinci gizo ke saƙa. Abincin Madison haɗin masana'anta ne, tatacce, kuma fiye da kashi 28 cikin 100 nasa sukari ne. Na Poolesville daga alkama da masara da waken suya da garin kifi aka haɗa shi, sukarinsa bai kai kashi 4 ba. Bayan haka, biran da ake kwatantawa da su a Madison suna ci ne iya son ransu, na Poolesville kuwa su ma auna musu ake yi don kada su yi ƙiba. Ma'ana, a Madison an gwada mai rage cin zaƙi da mai cika ciki da zaƙi, a Poolesville an gwada mai ci kaɗan da mai ci daidai. Ga bambancin asali, domin biran Poolesville haɗin 'yan Indiya ne da 'yan Sin, ga kuma bambancin shekarun da aka fara. A 2014 Madison ta sake lissafi bayan ƙarin birai sun mutu, wannan karon tazarar ta fito fili ko da an haɗa kowace irin mutuwa. A 2017 ɓangarorin biyu suka yi abin da ba kasafai abokan gasa ke yi ba, suka haɗa bayanansu suka rubuta takarda ɗaya. Matsayarsu ita ce ragin yana amfanar biri baligi ko mai manyan shekaru, ba ya amfanar wanda bai gama girma ba, kuma irin abincin yana da nasa tasiri. A Poolesville wasu birai sun haura shekara 40, har wani mai suna Sherman, da aka fara rage wa yana ɗan 16, ya kai 43.

Ƙwaƙwalwa fa? Da biran Madison suka riƙa mutuwa, aka duba ƙwaƙwalen wasu kaɗan daga cikinsu. Rahoton 2013 ya ce alamar kumburi da rauni a yankin hifokamfus ta ragu a waɗanda aka rage wa abinci, amma dunƙulen amiloyid yawansa ɗaya a garken biyu. Biri dai yana tara amiloyid in ya tsufa, sai dai ba ya kaiwa ga cikakkiyar cutar Alzheimer irin ta mutum, don haka iyakar abin da zai iya faɗa mana ke nan.

Amsar da ta fi rikitarwa daga Faransa ta zo. A garin Brunoy kusa da Paris akwai wani gidan kiwon wata 'yar dabba ta Madagaska, lemur mai kama da ɓera, wadda za ta zauna a tafin hannu, amma dangin biri ce, kuma wasu daga cikin tsofaffinta sukan nuna lalacewar ƙwaƙwalwa mai kama da tamu. Fabienne Aujard da Fabien Pifferi da abokan aikinsu suka rage wa wasu maza kashi 30 cikin 100 tun suna samari, suka bi su har tsufa. A 2018 suka ba da labari. Rabin masu ƙoshi sun mutu kafin shekara 6.4, waɗanda aka rage wa kuwa sai a 9.6 rabinsu ya tafi, ƙarin da ya kai kusan rabin rayuwa. Amma hoton ƙwaƙwalwa ya nuna abin da ba wanda ya so gani. Ƙwaƙwalwa tana da sashe mai ruwan toka, inda ƙwayoyin suke, da farin sashe, inda jijiyoyin da ke haɗa su suka bi. A ɗauka na farko gidajen gari ne, na biyu hanyoyin da ke tsakaninsu. A lemur ɗin da aka rage wa, hanyoyin sun fi daɗewa da kyau, gidajen kuwa sun fi saurin raguwa a wurare da dama. Da aka gwada su a aikin tunawa da na motsi, ba su gaza sauran ba, ba su kuma fi su ba.

Tsawon rai, da girman ƙwaƙwalwa, da yawan amiloyid, da iya tunawa: mun saba zaton tare suke tafiya, dabbobin nan kuwa sun warware su ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya ce rage ci yana maganin cutar mantuwa ya faɗi abin da ɓera ko biri bai faɗa ba. Abin da na yarda an tabbatar shi ne, cika ciki da tataccen abinci mai sukari shekara da shekaru yana jawo ciwon suga da lalacewar jijiyoyin jini, waɗannan kuma ƙwaƙwalwa ba ta tsira daga gare su.

A kan mutane abin da ke hannu kaɗan ne. A 2009, a Münster ta Jamus, wani gwaji na wata uku a kan dattawa 50 ya nuna waɗanda aka nemi su rage ci sun ƙara iya riƙe kalmomi da kimanin kashi 20 cikin 100. A Amurka, gwajin CALERIE ya nemi mutane su rage kashi 25 na tsawon shekara biyu, abin da suka iya bai wuce wajen kashi 12 ba. Mutum ba a keji yake ba. Akwai kuma aikin da ya shafe mu kai tsaye, wanda Hugh Hendrie da Adesola Ogunniyi da abokansu suka yi, suna bin tsofaffin Yarabawa a Ibadan da tsofaffin baƙaƙen fata a Indianapolis. Rahotonsu na 2001 ya nuna kowace shekara kashi 1.35 cikin 100 na tsofaffin Ibadan ke kamuwa da cutar mantuwa, na Indianapolis kuwa kashi 3.24. Mutanen Ibadan ba su kai su hawan jini da ciwon suga da kitsen jini ba, abinci kuma na cikin dalilan da aka yi hasashe. Duk mai ganin yadda lemon kwalba da shayi mai cokali huɗu na sukari da burodi suka mamaye cimar Kano da Kaduna da Maraɗi ya san kwanon wane garke muke matsawa kusa da shi.

Mai karatu musulmi zai ji tsallaken rana ya tuna azumin Annabi Dauda, ko na Litinin da Alhamis, ko watan Ramadan. Kamannin suna nan, kuma a 2023 ɗakin binciken Paula Desplats a San Diego ya nuna ɓeraye masu lahanin Alzheimer da aka taƙaita wa lokacin ci zuwa awa shida a rana, ba tare da rage yawan abincin ba, sun fi barci a kan ƙa'ida, amiloyid ya ragu, tunawa ta ƙaru. Sai dai ɓeran gwaji ba a hana shi ruwa, kuma in lokacin cinsa ya yi ba a jere masa ƙosai da kunu mai sukari da soyayyen dankali. Ibada tana da nata dalilin da ba ya jiran shaidar ɓera.

Abin da ya fi damuna shi ne kada labarin nan ya isa kunnen da bai dace ba. A jihohin arewa da kudancin Nijar, inda asibitocin tamowa ke cika da yara kowace damina, ƙarancin abinci a shekarun farko yana tauye ƙwaƙwalwa, sau da yawa tauyewar da ba ta gyaruwa, biran Poolesville ma sun nuna ragi ba na mai girma ba ne. Haka tsohon da gigi ya riga ya kama. Irinsa yakan manta bai ci ba, ko ya kasa tauna, ko ya bar kwano a rufe har dare, kuma rama na cikin abubuwan da ke saurin kai shi ƙasa. Ko a ɓeraye 960 da aka bi a ɗakin binciken Jackson na jihar Maine, waɗanda aka ba da rahotonsu a 2024, garken da aka rage wa kashi 40 ne ya fi daɗewa, amma a cikin kowane garke waɗanda suka fi zubewa su suka riga mutuwa. Kakar da ta fara ruɗewa tana buƙatar wanda zai zauna kusa da ita har ta gama cin tuwonta, ya duba ko ta sha ruwa, ya kuma kai ta a auna mata jini da suga.